Yadda RSS ke tattaro maka sabbin abubuwan da shafukan intanet suka wallafa

Tambayar ta fito daga wani malamin makaranta a nan Damagaram. Ya ce akwai shafukan intanet kusan ashirin da yake leƙawa kullum, na labarai, na guraben aiki, na tallafin karatu da na wasu ma'aikatu. Forfensa na ƙarewa tun kafin lokaci, kuma duk da haka sanarwa takan wuce shi, sai an rufe karɓar takardu sannan ya ji labari. An ce masa akwai wani abu wai shi RSS. Yana son sanin mene ne, yaya yake aiki, kuma ko zai yi masa amfani da irin rezon da muke da shi.

Malam, zai yi maka amfani ƙwarai. Amma ka riƙe abu guda tun farko, domin a kansa duk sauran bayanin ya rataya: shafin ba ya aiko maka da komai. Mutane da yawa sun ɗauka RSS kamar saƙon waya ne, wanda ke faɗo maka da zarar an tura. Ba haka yake ba. Shafin yana ajiye wata ƴar takarda ce a adireshi guda da ba ya canzawa, kamar allon da kuke liƙa sanarwa a ƙofar makaranta. Duk lokacin da aka wallafa sabon abu, sai a ƙara shi a saman takardar. Manhajar da ke wayarka ita ce ɗan aike. Ita ke zuwa gaban allon lokaci-lokaci, ta karanta, ta gwada da abin da ta gani a zuwan baya, ta kawo maka abin da ya ƙaru kaɗai. In ɗan aike bai je ba, ba ka da labari. In ya makara har aka cire takardar daga allo, ta wuce ka. Kusan duk matsalar da za ka ci karo da ita daga nan take tasowa.

Ita takardar rubutu ne zalla, cikin wani tsari da ake kira XML, ba kwalliya, ba talla mai motsi. A samanta akwai sunan shafin da adireshinsa. Daga nan sai abubuwan da aka wallafa, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Kowane ɗaya yana ɗauke da kanunsa, da adireshin da zai kai ka ga cikakken rubutun, da ranar wallafawa, da taƙaitaccen bayani ko rubutun gaba ɗaya, sai kuma wata lamba ta shaida da ba a maimaita ta, wadda a RSS ake kira guid. Wannan lambar ce manhajarka ke dubawa ta san ko ta taɓa ganin abu ko ba ta taɓa ba. Ba kanun take dubawa ba. Za mu dawo kanta.

Za ka ga sunaye biyu ko uku, kada su ruɗa ka. Kamfanin Netscape ne ya fito da RSS na farko a 1999, Dave Winer ya fitar da RSS 2.0 a 2002, kuma shi ne aka fi amfani da shi har yau. Saboda saɓanin da aka yi ta yi a kan tsarin, wasu suka rubuta Atom, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a Disamban 2005. A 2017 aka ƙaro JSON Feed. Ga mai karatu duk ɗaya ne, kowace manhajar kirki tana karanta RSS da Atom. A shafukan Faransanci za ka ga an rubuta flux RSS, sau da yawa kusa da wata alama ruwan lemo mai ɗigo da baka biyu.

Sai batun mega, wanda shi ya fi damun ka. Shafin farko na gidan labarai, da hotunansa da tallansa, yakan kai mega biyu, wani ma ya wuce. Shafi ashirin ke nan mega arba'in a zagaye ɗaya, kuma rabinsu za ka tarar ba abin da ya ƙaru. Takardar RSS mai taƙaitattun labarai goma ba ta cika wuce kilobait ashirin zuwa hamsin ba. Mu ɗauka talatin. Ashirin ɗinsu kilobait 600 ne, ko mega ɗaya bai cika ba. Bayan haka akwai wata dabara a cikin tsarin intanet kansa. Manhaja mai kyau takan tuna alamar da shafin ya ba ta a zuwan baya, in ta koma sai ta ce a ba ta takardar in ta canza daga wancan lokacin. In ba ta canza ba, shafin ya amsa da lamba 304, wato babu sabo, kuma wannan amsar ko kilobait ɗaya ba ta kai ba.

Sai dai a nan ne mutane ke cutar kansu ba su sani ba. Ba duk shafuka ne ke amsawa da 304 ba, wasu kullum sai sun miƙo takardar ɗungurungum. In ka saita manhaja ta riƙa dubawa kowane minti 15, sau 96 ke nan a yini. Ka ninka 96 da kilobait 600, ka kusa mega 58, ka ga ka fi da asara. In ka mai da shi kowace awa shida, sau huɗu ke nan, mega biyu da ɗan ɗoriya. Sanarwar aiki ko ta tallafin karatu ba ta lalacewa cikin awa shida. Shawarata ita ce ka fara da awa shida, ka kashe saukar da hotuna in ba a kan wifi kake ba, domin hotunan ne ke cin mega, ba rubutun ba.

To amma tazara mai tsawo ita ma tana da nata haɗarin, kuma a nan ne nake son ka nutsu. Allon nan ƙarami ne. Shafin da aka gina da WordPress, in ba a taɓa saitinsa ba, abubuwa goma na ƙarshe kaɗai yake sawa a takardarsa. Blogger na sa 25, YouTube na sa bidiyo 15. In allon ya cika sabo ya shigo, mafi tsufa ya faɗi. Ga shafin ma'aikatar da ke wallafa abu biyu a mako wannan ba komai ba ne, goma za su kai ka wata guda. Amma gidan labaran da ke fitar da arba'in a yini, gomansa awa shida kawai suke rufewa, da rana ma ba su kai haka ba. Yanzu ka ce kuran ya ɗauke tun la'asar, waya ta mutu, ko ka tafi ƙauye wajen Tanut ko Gure inda rezo ke zuwa yana tafiya, ka kwana biyu. In ka dawo manhajar za ta kawo maka goman ƙarshe, ta yi shiru a kan saba'in ɗin da suka shige. Ba za ta ce maka an yi giɓi ba, domin ita ma ba ta sani ba.

Wannan ne ya sa zaɓin manhaja a wurinmu ba batun kyan fuska ba ne. Iri biyu ne. Akwai wadda ke zaune a wayarka, ita da kanta take zuwa kowane shafi, kamar Feeder a Android da NetNewsWire a iPhone, ko Thunderbird a kwamfuta. Kyauta ne, ba sa neman ka buɗe asusu, kuma abin da suka sauke yana nan ka karanta ko ba rezo. Aibinsu shi ne wanda na faɗa, in waya ba ta kan layi, ɗan aike bai fita ba. Iri na biyu su ne irin Feedly, Inoreader da NewsBlur. Su kwamfutocin kamfanin ne ke zagayen dare da rana, su tara maka, kai kuma in ka samu rezo ka kwashe gaba ɗaya. Ko ka yi mako ba ka leƙa ba, ba abin da zai faɗi daga allo. Abin da za ka bayar shi ne adireshin imel, da yarda cewa kamfanin ya san abin da kake karantawa, kuma asusun kyauta yana da iyakar yawan shafuka, ko da yake ashirin ɗinka ba su kusa da iyakar ba.

A ganina, ga wanda abin da ya fi tsoro shi ne sanarwa ta wuce shi, kuma yana yawan fita daga gari, iri na biyu ya fi. Wanda kuma ke zaune cikin Zinder, yana samun wifi a wurin aiki ko a Jami'ar André Salifou, kuma shafukansa ba masu yawan wallafawa ba ne, Feeder ta ishe shi. Ya saita ta ta yi zagayenta a kan wifi kaɗai, ta sauke cikakken rubutu, ya karanta da dare a gida ba tare da ya taɓa forfensa ba.

Samo adireshin takardar shi ne inda sababbi suka fi tsayawa, musamman da yake manhajojin shiga intanet sun daina nuna alamar, Firefox ma ta cire nata tun Disamban 2018. Fara da mafi sauƙi. Kwafi adireshin shafin kamar yadda yake, ka liƙa a wurin ƙara sabo cikin manhajar. Yawancin shafuka suna da wani layi ɓoyayye a kansu da ke nuna inda takardar take, manhajar za ta gano da kanta. In ta ce ba ta samu ba, sai ka gwada da hannu, gwargwadon abin da aka gina shafin da shi. Na WordPress, ƙara /feed/ a ƙarshen adireshin. Na Blogger, /feeds/posts/default. Na SPIP, wanda shafukan ƙasashe masu Faransanci da dama ke amfani da shi, /spip.php?page=backend. Na Joomla, buɗe rukunin da kake so ka ƙara ?format=feed&type=rss. Na Drupal, sau da yawa /rss.xml. In duk ba su yi ba, buɗe shafin a kwamfuta, danna Ctrl da U tare, ka nemi rss+xml ko atom+xml a cikin rubutun da ya fito, adireshin na kusa da shi. In ka buɗe adireshin ka ga rubutu a cakuɗe da alamomi, ba lalacewa ya yi ba, ka samu abin da kake nema ke nan. Ba don idonka aka rubuta shi ba, don manhaja ne.

Akwai abin da mutane ƙalilan suka sani, kuma shi zai fi rage maka wahala: ba dole ne ka bi shafi gaba ɗaya ba. A WordPress kowane rukuni yana da takardarsa. In gidan labarai na da rukunin ilimi ko na jihar Zinder, buɗe rukunin, ka ƙara /feed/ a ƙarshen adireshinsa, shi kaɗai zai riƙa zuwa maka. Wannan ya kuma magance ƙanƙantar allo, domin goman ƙarshe na rukuni ɗaya sun fi goman ƙarshe na dukan shafi daɗewa. ReliefWeb, inda ƙungiyoyin agaji ke sa guraben aikinsu, yana ba ka damar tace guraben Nijar kaɗai ka ɗauki RSS na wannan tacewar. Google Alerts ma, mai sanar da kai in kalmar da ka zaɓa ta fito a intanet, yana iya kawo sakamakonsa ta RSS a maimakon imel, sai ka sa kalma kamar Zinder ko Damagaram. Ga tashar YouTube kuma, adireshin shi ne youtube.com/feeds/videos.xml?channel_id= sannan lambar tashar, wadda ke farawa da UC.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce Facebook da WhatsApp ba su da RSS, X ma ya rufe nasa tun 2013 lokacin yana Twitter. Kuma ka san a ƙasarmu sanarwa da yawa a Facebook kaɗai ake sa su, wani lokaci ma hoton takarda ne aka ɗauka da waya. Waɗannan RSS ba zai kamo maka su ba. Akwai manhajoji irin RSS-Bridge da ke ƙirƙiro takarda daga shafin da ba shi da ita, amma da zarar mai shafin ya sauya fasalinsa sai su tsaya, wani lokaci ba tare da sun gaya maka ba. Kada ka jingina sanarwar da rayuwarka ta dogara a kanta ga irin wannan. Cikin ashirin ɗinka, ware waɗanda ba su da RSS, ka ci gaba da leƙa su da hannu. Ko sun kai biyar, ka sauke kaso uku cikin huɗu na kayan.

Idan ka ga kwana biyu ba sabon abu, kafin ka zargi shafin, duba wayarka. Tun Android 6 waya na kwantar da manhajojin da ba a buɗe ba don tattalin batir, kuma wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno, Infinix da itel, suna da nasu ƙarin tsaurin a kan haka. Shiga saitin batir ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, ka ba ta izinin tashi da kanta. Duba kuma ko ka kunna tattalin data, domin yana hana manhaja taɓa intanet in ba a gabanka take ba. Sai agogon waya. In kwanan wata ya koma baya, kamar yadda yake faruwa ga wasu wayoyi in batir ya mutu ƙurmus, wayar za ta ƙi amincewa da shaidar tsaron shafukan da adireshinsu ke farawa da https, komai ya tsaya cak. Wayar da Android ɗinta bai kai 7.1.1 ba ita ma takan ƙi shafukan da suka karɓi wannan shaidar daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt, kuma suna da yawa. Mai irin wannan wayar ya fi samun sauƙi da manhaja iri na biyu, tunda ba wayarsa ce ke zuwa shafin ba.

In waya lafiya take, duba lambar kuskuren da manhajar ta nuna. 404 na nufin takardar ta bar wannan adireshin, yawanci an sake gina shafin ne, sai ka nemo sabon. 403 na nufin mai gadin shafin ya ɗauki manhajarka a matsayin ɓarawon bayanai ya hana ta shiga, wani lokaci sauya manhaja na warware shi. 429 kuwa cewa ake ka cika zuwa, ka tsawaita tazara. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ba lamba, takardar na nan amma ta daskare a kan labaran bara, domin an koma sabon shafi an bar tsohon a buɗe. Saboda haka duk wata ka duba shafukan da suka yi shiru, ka buɗe su da hannu ka gwada.

Wata rana kuma za ka tashi ka tarar da tsofaffin labarai goma sun dawo a matsayin sababbi. Lambar shaidar nan ce ta canza. Shafuka da yawa suna gina ta daga adireshin labarin, to in suka sauya suna ko suka koma https daga http, sai kowace lamba ta zama baƙuwa a idon manhaja. Ba abin da za ka yi sai ka shafa su a matsayin karantattu, sau ɗaya ne. In kuwa kullum yake faruwa, mai shafin ne ke ƙirƙirar sabuwar lamba a kowane zuwa, gyaran na wurinsa. Haka batun kwanan wata. RSS na son a rubuta shi da tsari guda, da gajerun sunayen Ingilishi, kamar Mon, 02 Jun 2025 08:30:00 +0100, inda +0100 ke nuna agogon Nijar. In mai shafi ya bar shi ya fito da Faransanci, manhaja ba za ta iya karantawa ba, sai ta sa lokacin da ta gani, jeri ya rikice. In ya yi kuskure ya sa ranar da ba ta zo ba, labarin zai maƙale a sama har ranar ta zo.

Akwai matsalar da ta shafe mu masu rubutu da Hausa musamman. In ka ga ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ko é ta Faransanci ta koma Ã©, ba wayarka ce ta rasa haruffan ba. An rubuta takardar da UTF-8, inda kowane ɗaya daga haruffan nan ke cin gurbi biyu, amma aka karanta ta da tsohon tsarin Turai ta Yamma da ke ɗaukar kowane gurbi harafi guda, shi ya sa harafi ɗaya ya tsage biyu. Gyaran layi ɗaya ne a wurin mai shafin, ya bayyana UTF-8 a kan takardar da kuma a sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Kuma XML ba ya yafiya. Alamar & guda ɗaya da aka bari tsirara cikin kanun labari ta isa ta sa wasu manhajoji su ƙi takardar baki ɗaya. In makarantarku ko ƙungiyarku na da shafi, ku gwada takardarsa a validator.w3.org/feed, zai nuna layin da kuskuren yake. A WordPress kuma ku shiga Réglages, sannan Lecture, ku ɗaga goman nan zuwa ashirin ko talatin, ku zaɓi cikakken rubutu a maimakon taƙaitawa. Wanda ke karanta ku daga Magarya ko Mirya da rezo mai rauni zai samu rubutun duka a zuwa ɗaya, ba sai ya sake buɗe shafi mai nauyi ba. Ina ganin wannan hakki ne a kan duk mai wallafa sanarwar da ta shafi jama'a.

Shirye-shiryen sauti da ake kira fodkas su ma RSS ne, sai dai kowane abu a takardar yana ɗauke da adireshin fayil ɗin sauti. A nan lissafin mega ya sha bamban. Shiri na minti 30 da aka naɗa a kan kilobit 64 a daƙiƙa ya haura mega 14, a kan 128 kuwa ya kusa 29. Ka yi amfani da manhajar da aka yi don su, kamar AntennaPod, ka kashe saukarwa ta kai tsaye a kan forfe, in ba haka ba shiri uku sun cinye maka abin da ka tattala a kwana ɗaya ko biyu.

Da ka gama haɗa shafukanka, ka raba su gida-gida, aiki daban, karatu daban, labarai daban, ka kunna ƙararrawa ga gidan aiki da na karatu kaɗai. Labarai ba sai ka karanta duka ba, ka bi kanu ka shafe sauran. Sannan ka shiga saiti ka fitar da fayil ɗin OPML. Ƙaramin fayil ne mai ɗauke da jerin duk adireshin da kake bi da yadda ka raba su, kuma kusan kowace manhaja tana karɓarsa. Lokacin da Google ya rufe manhajarsa ta karanta RSS, Google Reader, ranar 1 ga Yulin 2013, da wannan fayil ɗin mutane suka kwashe jerinsu suka koma wasu manhajojin. Ka tura wa kanka shi ta imel, ka sabunta shi duk lokacin da ka ƙara shafi. In waya ta ɓata ko ka sauya, minti biyu sun isa ka mai da komai. Kana kuma iya tura shi ga abokan aikinka ta WhatsApp, su shigar da shi a tasu manhajar, su samu shafukan nan da ka sha wahalar nemo adireshinsu ba tare da sun sake neman ko ɗaya ba.